Manga Katafila Ya Shiga Yaƙin Zaɓe

Ba wanda ya naɗa Manga darakta. Shi ya wayi gari wata Laraba, ya saka babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya rataya jaka a kafaɗa, ya nufi shagon Alhaji Hayatu mai maganin dabbobi a bakin titin Kachalla Sembe, ya ce daga yau shi ne Darakta Janar na yaƙin neman zaɓensa. Hayatu yana tsakiyar auna wa wani makiyayi maganin tsutsa, ya ce, "To, madalla," don kawai ya rabu da shi. Kafin azahar unguwa duk ta ji labarin cewa sai da Hayatu ya roƙi Manga sau uku, har da hawaye, sannan ya amsa.

Sunan Katafila ma shi ya raɗa wa kansa. Sana'arsa dillancin tsofaffin babura ne a gefen Kasuwar Jalingo, amma in ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka gwamnoni nawa ya ɗora a kujera, nawa ya sauke. "Ni ba na kewaya gini," in ji shi. "Ta kansa nake bi."

Kujerar kansila ake nema a mazaɓar. Hayatu ya tsaya a Jam'iyyar Tulu. Abokin takararsa kuwa Ticha Tobias ne na Jam'iyyar Galma, tsohon hedimasta, dogo siriri, wanda ba a taɓa ganinsa ba sai da wata jar hular saƙa a kansa, ko ana ruwa ko ana rana. Abin da ya hana Manga sakat shi ne mutanen nan biyu ba sa gaba. Tobias ne ya koyar da 'ya'yan Hayatu tun daga aji ɗaya, Hayatu kuma shi ke yi wa awakin Tobias allura. Kullum safiya sai Ticha ya tsaida tsohon babur ɗinsa a ƙofar shagon, ya gaishe shi da Fillanci.

"A waali jam, Alhaji?"

"Jam ni, Ticha. Ya jikin Madam?"

"Yana samun sauƙi. Ya ce in gaishe ka."

Ranar da Manga ya fara ganin haka a matsayinsa na darakta, sai da ya dafe ƙirji. Babur ɗin Ticha yana ɓacewa ya ce, "Honorabul, wannan wace irin siyasa ce? Mutum yana neman kujerarka, kai kana tambayar jikin matarsa?"

"Kujerar ba tawa ba ce tukuna, Manga. Matarsa kuma ba ta da lafiya."

"Ai lokacin zaɓe ba a gaisawa! Harara ake yi. In ba ka iya ba in koya maka, kwana biyu ka gwanance."

Hayatu ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. Ya tuna wa Manga zaɓen da ya wuce, yadda zagi ya koma jifa, aka fasa wa mutum uku kai, maƙwabta suka yi shekara ba sa ɗiban ruwa a rijiya ɗaya. "Ba zagi, ba jifa, ba yaga fosta. Ka ji ni?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Yana fita ya tarar da 'yan majalisar gindin mangwaro, ya gyara zaman hularsa ya ce, "Honorabul ya ce shi ba zai iya faɗa da bakinsa ba, amma ya ƙyafta min ido. Nan da mako biyu sai Ticha ya tattara ya koma ƙauye."

Aikin farko da ya sa gaba shi ne ƙaton ƙyallen kamfe mai hoton Tobias da aka ɗaure a saman titi, daga reshen mangwaron nan zuwa turken wuta na tsallake. Washegari da hantsi, lokacin da mutane suka fi yawa, ya aro tsani a wajen kafinta, ya cusa wuƙa a aljihu, ya hau. Abin da Darakta Janar bai sani ba, da yake bai taɓa duba ƙyallen daga ɗaya ɓangaren ba, shi ne igiyar nan ƙyalle biyu take ɗauke da su, baya da baya. Tobias ne ya ce wa Hayatu igiyarsa tana da ƙarfi, ya rataya nasa a jiki, ba sai ya sayi wata ba.

Manga ya kai reshe, ya ɗaga wuƙa sama don kowa ya gani, ya yi kabbara, ya datse igiya.

Ƙyallayen biyu suka taho tare kamar tabarma, suka lulluɓe Adda Aishatu mai waina da tandarta da robar ƙullunta. Na Hayatu ne a ƙasa, shi ya sauka kan garwashi, fuskarsa ta ƙone tun daga gemu har hula. Na Tobias ƙura kawai ya kwasa. Ƙarshen igiyar kuma ya fyaɗo tsani ya kifar. Manga ya leƙo ya ga abin da ya faru, ƙafarsa ta zame, wani kututturen reshe ya kama wuyan babbar rigarsa ta baya. Ya tsaya yana reto tsakanin sama da ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa.

Adda Aishatu ta fito daga ƙarƙashin ƙyalle, ƙullu har a gira, cokalin juya waina a hannu. Ta ɗaga kai.

"Hamma Manga, yau kuma jemage ka zama?"

"Adda, yi haƙuri, aikin jam'iyya nake yi."

"Jam'iyyar ce ta ce ka zubar min da ƙullu?"

"A siyasa dole a yi sadaukarwa."

"To sauko in sadaukar da kai."

Ta riƙa tsalle tana zungurar tafin ƙafarsa da cokali mai zafi, shi kuwa yana naɗe ƙafafu yana juyawa a iska. Masu keke suka tsaya, masu shayi suka bar shayi, har ɗan takarar da aka ƙona wa fuska ya fito ƙofar shagonsa ya riƙe haɓa. Ana cikin haka sai ga babur ɗin Ticha Tobias. Ya kashe shi, ya kafe, ya ɗaga tsanin daga ƙasa, ya jingina da reshen, ya riƙe da hannu biyu.

"Sannu Manga. Sauko a hankali. Ƙafan hagu tukuna."

Manga ya sauko, rigar ta rabe biyu daga wuya zuwa ƙugu. Hayatu ya je ya ba Adda Aishatu haƙuri, ya sayo mata sabuwar tanda. Da yamma sai ga Manga a majalisa da wata rigar, yana cewa, "Kun ga yadda na sa ɗan takararsu ya riƙe min tsani a bainar jama'a? Tsohon hedimasta guda! Wannan somin-taɓi ne."

A gida matarsa Suwaiba ta shimfiɗa yagaggiyar rigar a cinyarta tana duba ta inda za ta fara ɗinki. Ta ce, "Baban Bushra, wai a cikin gwamnonin nan da ka ɗora, ba wanda ya tuna ya ɗinka maka riga ta biyu?"

"Ke ba ki san siyasa ba."

"Na san ɗinki dai. Kuma na san mutumin da aka sauko da shi daga bishiya kamar gwanda."

Shi kuwa idonsa yana kan wani abu daban. A kusurwar gidan akwai ragon da Suwaiba take kiwo tun yana ɗan mitsitsi, fari tas, ƙahonsa ya murɗe sau biyu, ya ci dusa da harawa har wuyansa ya yi ninki. Manga ya dube shi, ya yi murmushi.

Ranar Litinin Suwaiba ta tafi suna unguwar Turaki. Tana fita ya ɗauko gwangwanin jan fenti, ya rubuta TOBIAS da manyan baƙaƙe a kowane gefen ragon. Ya yanke ƙafar wata tsohuwar jar safa ya cusa masa a ka tsakanin ƙahoni, ya ɗaura masa tabarau maras gilashi da zare. Shirinsa shi ne ya zagaya da shi Kasuwar Jalingo layi-layi, yana kiran, "Ga Ticha ya zo neman ƙuri'a!" har mutane su yi dariyar da Tobias ba zai sake iya fita ba.

Har bakin kasuwa abin yana tafiya daidai. Mutane suna nunawa suna dariya, Manga yana tafe yana baza kafaɗa. Sai dai ragon nan bai taɓa wuce ƙofar gida ba a rayuwarsa. Wani mai keke ya danna hon a bayansa, ya zabura, ya fizge igiya, ya kutsa layin masu kayan miya da gudu, Manga yana biye yana ihun, "Ku tare! Ku tare Tobias!"

Ragon ya tsaya a teburin Madam Mary mai latas da kabeji, ya sa baki. Kafin ta gama ihu ya cinye ɗauri huɗu, ya taka tumatir ɗin maƙwabciyarta. Madam Mary ta ɗauko tire.

"Wannan naman na waye?"

"Na siyasa ne, Madam!" in ji Manga yana haki. "Kada ki taɓa shi!"

"Na siyasa? Siyasa yana cin kabeji?"

Manga ya lallaɓa ta baya ya cafki wutsiya. Ragon ya daina tauna. Ya juyo a hankali, tabarau ya karkace a kan hancinsa, ya ƙare wa Manga kallo. Ya ja da baya taku uku. Manga ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, ni ne fa mai gidanku," amma bai rufe baki ba ragon ya zuba masa karo a tsakiyar ciki. Ya tashi sama da jakarsa, ya sauka zaune daɓas cikin kwatar da masu kifi suke zubar da ruwan wanki.

Can wata mai daddawa ta rangaɗa guɗa ta ce, "Tobias ya ka da Katafila!"

Shi ke nan. Layin kifi ya ɗauka, layin nama ya amsa. "Tobias! Tobias!" Wayoyi suka fito. Ragon ya tsaya a bakin kwata da jar safarsa, ganyen latas a baki, kamar wanda ya san ana ɗaukar hotonsa. Kafin la'asar hoton ya zagaye Jalingo, matasan Jam'iyyar Galma sun samu taken da ba su taɓa mafarkinsa ba.

Da labari ya kai wa Ticha Tobias, sai ya je kasuwar da kansa. Ya ba Madam Mary haƙuri, ya sa aka wanke ragon da kananzir da sabulu, ya ja shi da hannunsa har ƙofar gidan Manga, da ɗaurin harawa a bayan babur. Suwaiba ta dawo ke nan, ta fito tana salati. Ticha ya miƙa mata igiya ya ce, "Maman Bushra, ga takwarana. Ya gaji sosai, a ba shi ruwa."

Suwaiba ta rasa inda za ta sa fuskarta don kunya. Ta yi ta godiya da Fillanci tana cewa, "Useko, Ticha, useko." Yana tafiya ta juya kan mijinta, wanda yake tsugune a bayan gida yana goge jikinsa da toka, saboda ta hana shi shiga ɗaki.

"Ko ragon nan ya fi ka sanin wanda yake yi wa aiki."

Hayatu ya tafi gidan Tobias a daidai wannan yammacin ya ba shi haƙuri a gaban iyalinsa. Daga can ya aika aka kira Manga, ya ce masa, "Na gode da ƙoƙarinka. Daga yau ka huta. Kada ka sake yin komai da sunana. Komai, Manga."

Manga ya fito ya raɗa wa 'yan majalisa, ɗaya bayan ɗaya, cewa an ƙara masa girma. "Yanzu aikin ƙarƙashin ƙasa aka ba ni. In kun ji Honorabul ya ce ya kore ni, dabara ce."

Mai unguwa, ganin matasan ɓangarorin biyu sun fara hararar juna a kan maganar rago, ya kira taro ranar Asabar da safe a filin makarantar firamare. Liman zai zo, fasto zai zo, 'yan takarar biyu za su sa hannu a takardar alkawarin zaman lafiya a gaban jama'a. Manga ya ji haka ya ce lokacinsa ya yi. Ya shiga mota ranar Juma'a har garin Mutum Biyu, ya ɗauko wani maroƙi, Imrana mai kalangu, wanda aka ce bakinsa yana iya sa mutum ya bar gari. Ya yago takarda daga littafin makarantar 'yarsa, ya rubuta baitukan da kansa, ya sa hannu a ƙasa, har da "Darakta Janar", don kada tarihi ya manta wanda ya tsara.

Imrana ya karanta ya ce, "Maigida, ni fa ban san mutanen garin nan ba. Wanne ne a ciki?"

"Ba ka buƙatar sani. Ka shiga fili, ka dubi teburin manya. Duk wanda ka gani da jar hula, shi ne. Ka tsaya a gabansa, ka nuna shi da maƙaɗi, kada ka saurara sai ya yi kuka."

Ranar Asabar fili ya cika. 'Yan Tulu a dama, 'yan Galma a hagu, mata da yara a inuwar azuzuwa. Manga da Imrana suka laɓe a bayan aji shida, inda ba a ganin su, su ma ba sa ganin komai. Manga ya ce sai an ji tafi na biyu, don a tabbatar an gama sa hannu, sannan Imrana ya fita.

Aka yi addu'a iri biyu. Aka karanta takarda. Suka sa hannu, aka yi tafi. Daga nan Ticha Tobias ya miƙe ya ce shi takarda ba ta ishe shi ba, ya ga takardu da yawa a rayuwarsa. Ya cire jar hularsa, wadda ko ɗalibansa na shekara talatin ba su taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinta ba, sai ga sanƙo yana ƙyalli. Ya ɗora ta a kan Hayatu. Hayatu ya yi dariya, ya cire tasa farar hular ya ɗora wa Ticha. Fili ya ɗauki tafi da guɗa.

"Na biyu ke nan," in ji Manga a bayan aji. "Tafi!"

Imrana ya fito da kalangu a hammata, ya ratsa tsakiyar fili yana kiɗa. Mutane suka buɗa masa hanya, kowa yana zaton cikin shirin taro ne. Ya isa gaban tebur, ya duba, ya ga jar hula. Ya nuna Alhaji Hayatu da maƙaɗi, ya buɗe murya:

"Mai jar hula, wa ya aiko ka?
Kujera ba gadon gidanku ba ce.
Mai jar hula, baƙon gari,
Ubanka da ƙafa ya shigo, da ƙafa za ka fita!"

Murmushin Hayatu ya ɗauke. Kowa a Kachalla Sembe ya san mahaifinsa makiyayi ne, da ƙafa ya shigo Jalingo a bayan shanunsa, kuma bai fi shekara biyu da rasuwa ba. Matasan Tulu suka miƙe gaba ɗaya. Wani ya ce, "Wato wannan ne zaman lafiyar? Su sa masa hula su kawo mai zagi?" Wani ya ɗaga benci. 'Yan Galma su ma suka miƙe, wasu suka fara sunkuyawa suna tsintar duwatsu. Mata suka fara jan yara. Mai unguwa yana ta "Ku tsaya, ku tsaya," ba mai jin sa.

A bayan aji kuwa Manga ya ji hayaniya ta tashi, daɗi ya kama shi. Ya kasa haƙuri. Ya fito da rawa, yana juya hannun riga, yana ihu, "Ƙara masa! Maimaita na uban! Ƙara masa, Imrana!"

Amma kafin kowa ya lura da shi, Ticha Tobias ya riga ya zagayo tebur. Ya kama maƙaɗin a hannun Imrana ya riƙe, ya daka tsawar nan tasa ta hedimasta wadda rabin mutanen filin suka girma da tsoronta.

"Kowa ya zauna!"

Rabin filin kuwa ya zauna kafin ya yi tunani.

"Wannan mutumin," in ji Ticha, yana nuna Hayatu, "abokin takarana ne. Ina so in ka da shi a akwati, kuma zan yi ƙoƙari. Amma ba za a zagi babansa a gabana ba. Na san babansa. Shi ya ba ni madara kyauta lokacin da yarona yana ciwo. Da ƙafa ya zo, gaskiya ne. Babana ma da ƙafa ya sauko daga Zing, da fartanya a kafaɗa. To a cikinku wane ne babansa ya zo Jalingo da jirgin sama? Ya ɗaga hannu mu gan shi."

Ba wanda ya ɗaga. Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya, wani ya biyo ta, mai bencin ya sauke bencinsa a hankali ya zauna a kai. Ticha ya juya kan Imrana.

"Kai, wa ya aiko ka?"

Imrana ya ga fuskokin da suka kewaye shi, ya ga ba wasa. Ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa. Ya waiwaya, ya nuna tsakiyar fili. "Ga shi can. Mai rawa."

Manga yana tsaye shi kaɗai, ƙafa ɗaya a sama, hannun riga a iska. Sai a lokacin ya ga jar hular a kan wanda take. Ya sauke ƙafar.

Mai unguwa ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya karanta har ƙasa da ƙarfi. "Sa hannu, Manga Katafila, Darakta Janar."

"Ranka ya daɗe, an samu kuskuren hula ne," in ji Manga. "Ni Ticha na ce a zaga."

"Au," in ji mai unguwa. "To ai ka gyara."

Abin da ba a taɓa gani ba a mazaɓar ya faru a ranar: 'yan Tulu da 'yan Galma suka taho kafaɗa da kafaɗa, da niyya ɗaya. Adda Aishatu tana gaba da cokalinta, Madam Mary tana biye da tire. Manga ya duba gabas ya duba yamma, ya ruga ya shige ƙarƙashin teburin manya. Hayatu ya tsaya ta wannan gefen ya ware hannuwa, Tobias ya tsaya ta wancan.

"Yanzu muka sa hannu," in ji Hayatu. "Ba jifa, ba duka. Takardar ba ta ce ban da Manga ba."

"A ƙara a ciki!" in ji Adda Aishatu.

Sai da liman da fasto suka sa baki aka watse. 'Yan takarar biyu suka raka Manga har gida, ɗaya a dama ɗaya a hagu, shi a tsakiya kansa a ƙasa, yara suna biye suna kukan rago.

Aka yi zaɓe bayan mako ɗaya, ba wanda aka ko ture. Tobias ya ci da ɗan rinjaye. Masu lissafin siyasa na gindin mangwaro suka ce ƙuri'un kasuwa ne suka kai shi. Hayatu ne mutum na farko da ya isa gidansa da safe, da 'ya'yansa da ƙwaryar kindirmo, ya riƙe hannunsa ya ce Allah ya taya riƙo. Suna zaune a tsakar gida suna maganar magudanar ruwan da ta shekara tana cinye layin makaranta, sai aka yi sallama. Manga ne, da sabuwar jar hula a kansa, da jaka a kafaɗa.

"Honorabul Ticha, barka! Yanzu da komai ya wuce zan iya faɗa. Tun farko kai nake yi wa aiki. Ƙyalle, rago, maroƙi, duk tsari ne. Na zo in kama aiki."

Tobias ya dubi Hayatu. Hayatu ya dubi ƙwaryar kindirmo.

"Na gode, Manga," in ji Ticha. "Amma ba zan raba Alhaji da daraktansa ba. Ba mutunci. Alhaji, ga mutuminka."

"A'a, Ticha," in ji Hayatu da sauri. "Kai ka ci zaɓe, kai ka fi buƙatar ma'aikata. Bismillah, riƙe shi."

"Haba Alhaji, kai ka fara samun shi."

"Na yafe maka, duniya da lahira."

"To in za ka sake tsayawa nan gaba fa? Za ka nemi mai taimako."

"In na sake tsayawa, Ticha, alfarma ɗaya nake roƙo a wajenka: ya kasance a ɓangarenka."

Suka yi ta yi, wannan ya tura wa wancan, kowa yana rantsuwa ɗan'uwansa ya fi cancanta, har Madam ta fito daga ɗaki da sandarta ta ce a ba baƙo kunu ya tafi, kansila yana da aiki.

Manga ya sha kunu kofi biyu, ya koma gida yana taƙama. Ya tarar da Suwaiba tana zuba wa rago dusa.

"Da kin ga abin da na gani yau," in ji shi. "Manyan mutane biyu, kansila da alhaji, suna jayayya a kaina. Sa'a guda cur, ba wanda ya yarda ya sassauta."

Suwaiba ta karkaɗe hannunta, ta dube shi daga jar hula har takalmi.

"To wa ya yi rashin sa'a?"

"Ba su gama yanke shawara ba."

"Sun gama," in ji ta, ta miƙa masa bokiti. "Ni aka bar wa. Je ka ɗebo wa rago ruwa."